AMSAR WASIƘUNKU: Ana Iya Tono Kisan Kai Bayan Shekara Hamsin?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi. Ya ce ya kalli wani wasan 'yan sanda na Turawa a talabijin, inda aka tsinci gawar yaro cikin kwali, bayan shekaru masu yawa aka sake bincike har aka gano yadda ya mutu. Tambayarsa ita ce: wai gaskiya ne, ko shiri ne kawai?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Wasan da ka kwatanta sunansa Cold Case, wato shari'ar da ta huce. Gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna shi daga 2003 zuwa 2010, kashin yaron kuma ya fito a 2004. Mutanen ciki 'yan wasa ne, ƙarshen labarin ma ƙirƙira ce. Amma tushensa gaskiya ne.

Ga yadda abin ya faru. A ƙarshen watan Fabrairu na 1957, a gefen birnin Filadelfiya, aka sami gawar wani ƙaramin yaro naɗe da bargo cikin kwali. Jikinsa duk alamun duka da yunwa, an kuma yi masa aski ba da jimawa ba. Wanda ya fara ganinsa mai ɗana tarko ne, ya ja bakinsa ya yi shiru don tsoron kada a ƙwace masa tarkunansa. Sai daga baya wani ɗalibi ya kai rahoto. Aka buga hoton yaron aka raba lungu-lungu, amma ba wanda ya fito ya ce ɗansa ne. Haka aka binne shi ba suna.

To yaya aka yi aka gano shi? Ka san makiyayi yakan dubi maraƙi ya ce wannan jinin saniya kaza ne. Haka ɗan Adam yake ɗauke da wata shaida a cikin jininsa da ƙashinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ita ce masana suke kira DNA. A 1957 babu wannan gwaji. An tono kabarin a 1998, aka sake tonowa a 2019, aka ɗebi abin gwaji. Sai aka gwada da na dubban mutanen da suka ba da nasu don neman asalinsu. Daga nan aka dace da dangin uwarsa, aka bi salsala har aka kai ga ita uwar. Kotu ta ba da izini aka buɗe takardun haihuwa, aka ga sunan uban, aka gwada danginsa, ya yi daidai. Ranar 8 ga Disamba 2022 'yan sanda suka sanar cewa sunansa Joseph Augustus Zarelli, an haife shi ranar 13 ga Janairu 1953. Ke nan shekararsa huɗu kacal, ya kuma shekara 65 ba a san sunansa ba.

Sai dai ka lura da bambancin wasa da gaskiya. A talabijin ba a cika awa guda ba an warware komai. A zahiri kuwa suna aka samu, ba a gurfanar da kowa ba, iyayen ma sun riga sun rasu. Duk da haka ba a rufe shari'ar ba, domin a dokar Amurka laifin kisan kai ba ya tsufa. Ko bayan shekara nawa, in hujja ta bayyana kuma mai laifi yana raye, kotu za ta saurara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Abin da za mu ɗauka a nan uku ne. Na farko, in ka ci karo da gawa a gona ko a hanyar kasuwa, kada ka taɓa komai, kada a yi gaggawar binnewa, a sanar da mai gari da hukuma nan take. Na biyu, a yi wa yara takardar haihuwa, don ita ce ta mayar wa wannan yaro sunansa. Na uku, in yaron maƙwabci ya ɓace daga ido, ko kana jin kukan duka kullum, ka tambaya. Ɗa na kowa ne. Akwai waɗanda suka san yaron nan, shirunsu ne ya rufa wa mai laifi asiri.