Motocin lantarki: Ko kamfanonin Japan za su iya riƙe kambunsu?

Shekaru da dama sunan Japan ne ke fara zuwa bakin mai neman mota mai ƙarko da tsimin mai. Toyota da Honda da Nissan sun yi suna ne da ingancin inji, har suka mamaye kasuwanni daga Amurka zuwa Afirka. Sai dai a shekarar 2023 ƙasar Sin ta karɓe wa Japan matsayin ƙasar da ta fi kowace fitar da motoci zuwa ƙetare, kuma motocin lantarki na cikin abubuwan da suka ba ta wannan galaba.

Abin mamaki, Japan ce ta riga kowa fita a wannan fage. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da batirin litiyom a 1991, irin wanda motocin lantarki ke amfani da shi a yau. Toyota ya fito da Prius a 1997, mota 'yar ruwa biyu da ke haɗa injin fetur da batir. Nissan kuma ya fito da Leaf a 2010, wadda ta daɗe tana kan gaba a cinikin motocin lantarki zalla a duniya. To, me ya sa na gaba ya koma baya?

Amsar tana cikin yadda ake ƙera motar. Motar fetur tana ɗauke da inji da giya da salansa da ɗaruruwan ƙananan sassa, kuma a nan gwanintar Japan take. Dubban ƙananan masana'antu ne ke yi wa manyan kamfanonin waɗannan sassa, kuma kimanin mutum miliyan 5.5 ke cin abinci a harkar mota a ƙasar. Ita kuwa motar lantarki ba ta buƙatar yawancin waɗannan kaya. Darajarta tana cikin batir, wanda shi ne mafi tsada a jikinta, sai kuma manhajar kwamfutar da ke sarrafa ta. Sauyawa da gaggawa tamkar sare reshen da ake zaune a kai ne, shi ya sa Japanawa suka yi taka-tsantsan.

Toyota ya zaɓi raba ƙafa: 'yan ruwa biyu, da masu amfani da iskar haidurojin irin Mirai, da masu lantarki kaɗan. A farkon 2024 shugaban hukumar gudanarwarsa, Akio Toyoda, ya yi hasashen cewa motocin lantarki zalla ba za su wuce kashi 30 cikin 100 na kasuwar duniya ba. A 2023 rukunin kamfanin ya sayar da motoci sama da miliyan 11, amma masu lantarki zalla a ciki ba su kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Dabarar ta biya shi zuwa yanzu, domin masu saye a Amurka da Turai sun rungumi 'yan ruwa biyu saboda tsadar motocin lantarki da ƙarancin wuraren caji, ya kuwa ci riba mai yawa.

Amma kafin Japanawa su farga, Sinawa sun yi nisa. BYD ya faro ne a 1995 a birnin Shenzhen a matsayin mai haɗa batir, don haka da ya shiga ƙera mota yana da abin da ya fi tsada a hannunsa. Ya daina ƙera motar fetur zalla a 2022, kuma a 2024 ya sayar da motoci sama da miliyan 4, ya zarce Honda da Nissan. Kamfanin CATL na Sin shi kaɗai ke samar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na batiran motocin lantarki a duniya. Wanda ke riƙe da batir shi ke yanke farashi.

Alamun raɗaɗin sun fara bayyana. Mitsubishi ya daina ƙera motoci a Sin a 2023. A Tailan, inda motocin Japan suka daɗe suna riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwa, kason ya faɗo ƙasa da 80, kuma BYD ya buɗe masana'anta a can a 2024. Honda da Nissan sun fara tattaunawar haɗewa a Disamban 2024, ta watse a Fabrairun 2025. Bayan wata uku Nissan ya bayyana shirin rage ma'aikata 20,000 da rufe masana'antu 7 daga cikin 17.

Duk da haka, ba a gama da Japan ba. Harajin kashi 100 cikin 100 da Amurka ta ƙaƙaba wa motocin lantarkin Sin a 2024 ya kare wa Japanawa babbar kasuwarsu. Toyota ya sa ido kan sabon nau'in batir mara ruwa a ciki, wanda ake fatan zai fi saurin caji da nisan zango, yana cewa zai fito da shi tsakanin 2027 da 2028. A cikin Sin kuwa ya sauke girman kai, yana sa batirin BYD a motarsa bZ3. Malamin jiya ya zama ɗalibi.

Wannan takara ta shafi Najeriya kai tsaye. Corolla da Camry da Hiace da Hilux sun cika titunanta ne saboda kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Yawancinsu na hannu ne, wato abin da manyan kasuwanni suka saya yau shi zai iso nan bayan shekaru. Dillalin mota da mai shagon kayan gyara da ma'aikacin da ke tara kuɗin sayen mota duk suna da ruwa da tsaki a yadda za ta kaya. Habasha ma ta riga ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal tun 2024.

Abin da 'yan ruwa biyu suka saya wa Japan shi ne lokaci, ba nasara ba. Toyota na da kuɗi da girman da zai jure kuskure, amma Nissan da ƙananan kamfanoni ba su da wannan sarari. Idan suka kashe ribar yau wajen samar da batir mai araha da manhaja mai kyau, za su ci gaba da zama a sahun gaba. In ba haka ba, tarihi na iya maimaita kansa, domin akwai lokacin da talabijin ɗin Japan ne a falon kowa.