Firgita da bugun zuciya ga uwar yaro mai naƙasa

Ke da kike renon yaron da ba ya tafiya ko magana, wataƙila wannan ya taɓa samunki: cikin dare zuciya ta kama bugawa da ƙarfi, numfashi ya yi wuya, zufa ta karyo, jiki ya ɗauki rawa, har ki ce mutuwa ce ta zo.

Wannan firgita ce, ba hauka ba, ba kuma sammu ba. Gajiya da rashin barci da yawan tunani su ke sa jiki ya yi shirin gudu alhali babu abin gudu. Takan yi tsanani cikin minti 10, sa'an nan ta lafa, kuma ba ta kisa.

In ta taso, ki kwantar da yaro a tabarma, ki zauna. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6. Saurin numfashi ne ke kawo jiri. Ki rage goro da shayi da kofi.

Ki zo asibiti a auna jininki da zuciyarki, gama ƙarancin jini ma yakan sa bugun zuciya. In kin suma, ko ƙirji na ciwo lokacin aiki, ki zo ran nan.

Tambayar da ke hana ki barci ita ce, “In na mutu, wa zai riƙe shi?” Tun yanzu ki koya wa mutum biyu a gidanku yadda ake ciyar da shi da ba shi magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.