Balaraba Ramat Yakubu: Rayuwarta, Ayyukanta da Matsayin Ilimin Mata a Rubutunta

Gabatarwa

Masu nazarin ƙagaggun labaran Hausa na zamani sun daɗe suna muhawara a kan rubuce-rubucen da aka laƙaba wa suna "Adabin Kasuwar Kano". Wasu na ganin su tarkacen soyayya ne kawai. Ayyukan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suna daga cikin hujjojin da ke rushe wannan hukunci. Wannan maƙala ta dubi rayuwarta da ayyukanta domin nuna cewa ilimin da aka hana ta tana ƙarama shi ne ya zama ginshiƙin rubutunta.

Taƙaitaccen Tarihinta

An haife ta a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1950. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. Girman gidan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana da kimanin shekara 13 ba, auren kuma bai yi ƙarko ba. Daga baya ta ci gaba da neman ilimi a ajujuwan yaƙi da jahilci. Ita da kanta ta sha bayyana cewa katse mata karatu shi ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa maimakon Ingilishi. Wannan ya ba ta damar isa ga matan da ke cikin ɗakunansu kai tsaye. Ita ce mace tilo a farkon ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba.

Ayyukanta da Jigoginsu

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A cikin Wa Zai Auri Jahila?, an cire Abu daga makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta saboda rashin ilimi, aka aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma. Ta gudu Kano, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin lura shi ne marubuciyar ta kafa hujjarta ne da koyarwar Musulunci game da neman ilimi da yardar mace a aure, lamarin da Novian Whitsitt ya tattauna a nazarce-nazarcensa.

A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu. Rabi ta riƙe gida da sayar da abinci. Da dukiyarsa ta salwanta, sai dangi suka matsa mata ta koma. Wannan ƙarshe yana raba kan masu karatu: nasara ce ko danniya? Marubuciyar ta bar tambayar a buɗe, domin haka al'amarin yake a zahiri. Irin wannan girmama guminta mace ana samun sa a adabin matan Amurka 'yan asalin Meziko, kamar Face of an Angel (1994) na Denise Chávez, wanda tauraruwarsa ma'aikaciyar gidan abinci ce.

Daga Littafi zuwa Fim da Fassara

Abdulkareem Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya wallafa fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi. Ita kanta ta rubuta kuma ta shirya fim ɗin Juyin Sarauta, wanda aka gina a kan rayuwar fada a ƙasar Hausa ta dauri.

Kammalawa

Gudunmawar Balaraba ta wuce nishaɗantarwa, domin ta mayar da labari makarantar matan da ba su sami zama a aji ba. Manazarta sun fi karkata ga littattafanta, alhali salon tattaunawarta a fim da zaɓen kalmominta na Hausar matan Kano suna jiran nazari mai zurfi daga ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i.