Kakin Goge Mota: Nawa Ne Ya Isa?

Yau za mu kai ku Stapleton, wata unguwa a tsibirin Staten, cikin birnin New York na Amurka. Unguwar nan tana bakin teku, saboda haka iskarta ba ta rabuwa da laima. Da hunturu kuma hukumar birni takan barbaɗa gishiri a tituna, kamar Bay Street, don ƙanƙara ta narke. Gishiri da laima kuwa su ne iyayen tsatsa. Shi ya sa mai mota a can ya kan shafa mata kaki kafin sanyi ya shigo. To, nawa ya kamata ya shafa?

Bari mu fara da kakin kansa. Mafi shahara shi ne karnauba, wanda a ke samu daga ganyen wani itace, dangin giginya, a arewa maso gabashin Brazil. Kakin zuma ya kan narke a wajen digiri 63 na ma'aunin Selsiyus, amma karnauba sai ya wuce 80. Don haka zafin rana ba ya narkar da shi a jikin mota.

Ga abin mamaki. Fentin motocin zamani yana da rufi garai-garai a samansa, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Abin da ke manne wa wannan rufi daga kakin kuwa bai kai ko kashi 1 cikin 50 na kaurin gashin ba. Duk abin da ya ƙaru a kan haka, tsumma ne zai kwashe shi. Watau wanda ya lafta kaki bai ƙara wa motarsa kariya ba, asarar kuɗi kurum ya yi. Sa'an nan kaki mai kauri ba ya bushewa daidai, sai an dirje shi da ƙarfi, in kuwa akwai ƙura a wurin, dirzar nan ita ke karce fenti.

Ga yadda a ke yi. A wanke mota, a bari ta bushe a inuwa. A ɗiga ɗigo 3 ko 4, kowanne kamar ƙwayar wake, a kan soso mai laushi, a shafe wuri mai ƙafa 2 tsawo da ƙafa 2 faɗi. In ya yi hazo-hazo, a ja yatsa a kai. Idan sawun yatsan ya fita tas, lokacin gogewa ya yi. Man ƙyalli, wanda ke cike ƙananan karce, shi ma kaɗan a ke sawa, kuma kafin kaki, gama ba ya kare fenti shi kaɗai.

Karnauba ya kan yi wata 2 ko 3. In ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a jikin mota, sai a sake. Direban Kano da ke fama da ƙurar hunturu, shi ma wannan ka'ida ta shafe shi.