Dashen Ƙoda: Allurar Da Ke Rage Raɗaɗi Bayan Tiyata

Ana gobe za a yi wa ɗanta dashen ƙoda, wata uwa ta tare ni a bakin ɗakin jinya. Yaron ya shekara biyu yana wankin ƙoda. Ta ce, "Sista, in ya farfaɗo, yaya zai yi da zafin wurin?" Na san iyaye mata da yawa na da wannan fargabar, musamman tunda aikin ya zo gida: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002.

Uwargida, ki sani ba a baya ake dasa sabuwar ƙoda ba. A ƙasan ciki ake sa ta, gefen mara, galibi ta dama. Nan ne yankan yake, nan ne raɗaɗin.

Matsalar ita ce magungunan da muka saba da su. Ibuprofen da diclofenac suna cutar da ƙoda, don haka ana guje musu. Mofin kuma yana jawo amai, taurin bayan gida da yawan barci, kuma idan ƙoda ba ta gama kama aiki ba, ragowarsa kan taru a jini har numfashi ya yi rauni.

Shi ya sa likitocin sa barci ke amfani da allurar kashe jijiya, wadda suke kira TAP. Da taimakon na'urar sikanin, likita zai zuba maganin kashe zafi, kamar bupivacaine, tsakanin tsokokin bangon ciki, inda jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo suke ratsawa. Yawanci ana yin ta majinyaci na cikin barcin tiyata. Takan yi aiki na sa'o'i, wani lokaci har kusan kwana guda.

Amfaninta a fili yake: buƙatar mofin na raguwa, majinyaci ya iya jan numfashi sosai, ya yi tari, ya tashi ya taka da wuri. Wannan na rage haɗarin ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Sai dai ba ta ɗauke zafi gaba ɗaya, ana haɗa ta da farasitamol. Idan mai jinyarki ya ce leɓɓansa sun yi nauyi, ko kunnensa na ƙara, ko yana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kira nas nan take.

Kafin ranar aiki, ki tambayi likitan sa barci ko allurar ta dace da majinyacinki. Bayan an sallame ku kuma, kada ki saya masa maganin ciwon jiki a kemis sai da izinin likitansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.