Dandamali da Sutudiyo: Matsalar Matani a Kiɗan Rok Mai Ci-gaba na Ingila

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da Albert Lord ya wallafa nazarinsa a kan mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya a 1960, da kuma ayyukan Ruth Finnegan na 1970 da 1977, manazarta adabin baka suka yarda cewa waƙar baka ba ta da matani guda tsayayye. Kowace aiwatarwa sabuwar haihuwa ce, abin da na'ura ta ɗauka kuwa hoton rana ɗaya ne kawai. Duk wanda ya taɓa jera kaset-kaset na Bakandamiyar Mamman Shata don ya juya ta a takarda ya san wannan ciwon kai: wanne daga cikinsu ne waƙar?

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki wannan tambaya ta kai ta wani fage na daban, wato kiɗan rok mai ci-gaba, wanda ya bunƙasa a Ingila tsakanin 1969 da 1977. An zaɓi wannan fage ne saboda a cikinsa ana samun waƙa ɗaya a siga biyu, ɗaukar sutudiyo da ɗaukar dandamali, kuma an san tarihin kowace ɗauka da ranarta da wurinta. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, zaton da ake yi cewa faifan sutudiyo ƙage ne, na dandamali kuwa shaida ce ta gaskiya, zato ne da bai jure bincike ba.

2.0 Kiɗan da Kayan Aikinsa

Ana kiran wannan kiɗa mai ci-gaba ne don masu yin sa sun ƙudurta fitar da rok daga ƙangin waƙar minti uku da ake sawa a rediyo. Sun aro tsari daga kiɗan gargajiyar Turai da jaz, suna sauya kari da awo a tsakiyar waƙa, suna kuma tsawaita ta har ta cinye fuskar faifai guda, wato kimanin minti 20. Galibi ana ɗaukar faifan ƙungiyar King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King, a matsayin mafarinsa. Sauran manyan ƙungiyoyin su ne Yes da Genesis da Pink Floyd da Emerson, Lake & Palmer.

Abin da ya ba da damar wannan buri shi ne na'urar ɗaukar sauti mai layuka da yawa. An ɗauki faifan 1969 da aka ambata a kan tef mai layi 8. Zuwa 1972 mai layi 16 ya zama ruwan dare a Landan. Ma'anar wannan ita ce, ana iya ɗaukar ganguna yau, jita gobe, murya jibi, a goge wani a sake shi ba tare da an taɓa sauran ba. Ana kuma iya yanka tef ɗin da reza a liƙa wani yanki da wani. Saboda haka abin da kunne ke ji a faifai a matsayin minti 18 a jere, mai yiwuwa ba a taɓa kaɗa shi a jere ba ko sau ɗaya kafin fitowarsa.

3.0 Waƙar da Aka Haifa a Sutudiyo

Misali mafi fitowa fili shi ne "Close to the Edge" ta ƙungiyar Yes, wadda ta fito a watan Satumba 1972, mai tsawon minti 18 da 'yan kai. An ɗauke ta a sutudiyon Advision da ke Landan tare da injiniyan sauti Eddy Offord, gutsure-gutsure: a shirya ɗan yanki, a ɗauka, a liƙa da na baya, sannan a zauna a yi shawarar abin da zai biyo. Wani sashe nata ma ba a sutudiyon aka yi shi ba, domin Rick Wakeman ya kaɗa shi ne a kan babban ogan na cocin St Giles Cripplegate. Da aka kammala, sai ya zamana dole makaɗan su koma su saurari tef ɗin su koyi kaɗa abin da su da kansu suka ƙirƙira.

A nan al'amarin ya zama kishiyar abin da aka saba da shi a waƙar baka. Tef ne asali, aiwatarwa kuwa kwaikwayonsa ce. Ƙari a kan haka, mai ganguna Bill Bruford ya bar ƙungiyar da gama ɗaukar faifan, ya koma King Crimson, aka ɗauko Alan White wanda ya haddace kiɗan cikin 'yan kwanaki kafin a fara zagayen wasa a Amurka. Don haka sigar da ke cikin Yessongs, faifan dandamali mai faya-fayai uku da ya fito a 1973, ba ma da hannuwan da suka yi ta farko aka kaɗa ta ba.

Idan aka jera sigogin biyu, bambancin ba ya ɓuya. Bruford mai sassauƙan hannu ne, ya taso da jaz, yana son ya sa bugu a inda ba a zata ba. White kuwa mai nauyin hannu ne, yana tura kiɗan gaba kai tsaye. Ogan ɗin coci ba ya shiga mota, sai aka maye gurbinsa da kayan da za a iya yawo da su, kuma girman sautin nan da ke cika kunne a faifan 1972 ya ragu. Muryoyin amshi da aka jera bisa juna a sutudiyo sun koma iyakar abin da bakuna uku za su iya. Abin da aka samu a madadin wannan asara shi ne zafi da hanzari, da kuma faɗaɗawa: "Yours Is No Disgrace", wadda ba ta cika minti 10 ba a faifan 1971, ta kai kimanin minti 14 a Yessongs, galibi saboda filin da aka buɗe wa jitar Steve Howe. Sai dai a lura, faɗaɗawar tana aukuwa ne a tsofaffin waƙoƙi masu sassauƙan gini. Ita "Close to the Edge" kusan tsawonta bai motsa ba, domin gininta ya yi tsauri, babu ƙofar da za a kutsa.

An daɗe ana kukan cewa sautin Yessongs a dushe yake. A 2015 aka fitar da Progeny, faifan CD 14 masu ɗauke da cikakkun wasanni bakwai na ƙarshen 1972, kusan da jerin waƙoƙi iri ɗaya kowane dare. Ga mai saye don nishaɗi wannan maimaici ne mai gundura. Ga manazarci kuwa taska ce, domin a nan ne ake iya ware abin da ke tsaye a waƙar daga abin da ke sauyawa dare bayan dare, kamar dai yadda ake yi da sigogin tatsuniya guda daga bakuna daban-daban.

4.0 Waƙar da ta Girma a Dandamali

Pink Floyd sun bi ta wata hanyar. Sun fara kaɗa The Dark Side of the Moon a gaban jama'a tun watan Janairu 1972, fiye da shekara guda kafin faifan ya fito a watan Maris 1973. A tsawon wannan lokaci aikin ya yi ta sauya kama. Sashen da aka sani yanzu da "On the Run" da farko musayar kiɗa ce tsakanin jita da madannai. A sutudiyon Abbey Road aka watsar da ita, aka sa wani ɗan gajeren zubi da na'urar EMS ke maimaitawa da sauri. "The Great Gig in the Sky" kuwa kiɗan ogan ne da ake ɗora wa karatu daga Baibul, sai a watan Janairu 1973 aka gayyato mawaƙiya Clare Torry ta rera abin da ya zo mata, ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Wannan yanki ya cancanci a dakata a kansa. Abin da Torry ta yi ƙirƙirar nan take ce, irin wadda ake dangantawa da dandamali, amma a sutudiyo ta auku. Da ta shiga faifai sai ta daskare ta zama matani, har mawaƙan da suka riƙa rera sashen a wasanni daga baya suka zama ana auna su da yadda suka bi sawunta. Ita kanta Torry kuɗin aikin yini aka biya ta, sai bayan ta kai ƙara aka sasanta a 2005, aka sa sunanta tare da na Richard Wright a matsayin mai waƙar. Ke nan tambayar wanne ne matani ba ta malamai kaɗai ba ce; da ita ake raba haƙƙin mallaka.

Ana iya ambaton fim ɗinsu na Pompeii a taƙaice, wanda aka ɗauka a 1971 a cikin tsohon filin wasa na Rumawa a Italiya, ana kaɗawa kai tsaye amma babu ɗan kallo ko ɗaya. Idan 'yan kallo ne ke sa ɗauka ta zama ta dandamali, to wannan ba ita ba ce. Idan kuwa kaɗawa a jere ce ma'auni, ita ce.

5.0 Faifan da Ke Ɓoye Asalinsa

A wajen King Crimson ne iyakar ta rushe gaba ɗaya. Faifansu na Maris 1974, Starless and Bible Black, an sayar da shi ba tare da an bayyana cewa na dandamali ne ba, alhali waƙoƙi biyu ne kacal a cikin takwas aka yi su ɗungurungum a sutudiyo. Mafi yawan sauran an ɗauke su ne a wasanni, musamman wanda aka yi a zauren Concertgebouw na Amstadam ranar 23 ga Nuwamba 1973, aka share tafi da hayaniyar jama'a. "The Night Watch" ma haɗin gambiza ce: buɗewarta daga Amstadam, sauran daga sutudiyo. Sai a 1997 aka fitar da wasan na Amstadam a matsayinsa na wasa, masu sauraro suka ji waɗannan sassa a muhallinsu.

Akwai wani abu a wannan faifai da ya kamata ya ja hankalin mai nazarin aiwatarwa. A yankin da ake kira "Trio", wanda aka ƙirƙira nan take a wannan dare, Bruford bai buga komai ba. Ya zauna ne riƙe da sandunan kiɗansa a ƙirji, yana jiran inda zai shiga, har aka gama bai ga wurin da ya dace ba. Duk da haka aka rubuta sunansa cikin waɗanda suka ƙirƙiri yankin, bisa hujjar cewa shirun nasa zaɓi ne da ya gina kiɗan. Na'ura ba ta ɗauki wannan shiru a matsayin aiki ba. Wanda ya ji faifan kawai zai ɗauka mutum uku ne a wurin. Sai wanda ya gani, ko aka ba shi labari, zai san huɗu ne.

Juyin wannan kuma ya auku a faifansu na 1975 mai suna USA, wanda aka fitar a matsayin na dandamali. An ɗauki yawancinsa a garin Asbury Park na Amurka a watan Yuni 1974, lokacin da David Cross ke riƙe da goge. Amma a wasu waƙoƙin gogen da ake ji na Eddie Jobson ne, wanda bai halarci wasan ba, aka ɗora nasa daga baya a Landan. Haka nan da Genesis suka fitar a 1998 da wasansu na The Lamb Lies Down on Broadway da aka ɗauka a Los Anjalis a 1975, Peter Gabriel ya sake rera sassa da dama, saboda kayan shigar da yake sawa a dandamali sukan hana muryarsa isa ga makirfo. Sai aka wayi gari muryar mutum mai shekara arba'in da ɗoriya tana zaune a kan kiɗan da ya yi yana ɗan ashirin da wani abu, tafin jama'ar 1975 na biye.

Ba lallai ne a kira wannan ha'inci ba, ko da yake rashin bayyana shi a jikin faifai abin zargi ne. Mai shirya faifai yana yin abin da mai juya waƙar baka a takarda ke yi ne: ya cike gurbin da bai ji da kyau ba, ya zubar da tari da gyaran murya, ya daidaita ɗango. Bambancin kawai shi ne, na takarda yana da ƙa'idar sa alama a inda ya taɓa, na tef kuwa ba shi da ita.

5.1 Maganar da ba ta Shiga Faifai

Saura wani ɓangare da ya shafi harshe kai tsaye. A wasannin Genesis na farkon shekarun 1970, makaɗan sukan ɗauki lokaci suna saita jita mai tsirkiya 12 tsakanin waƙa da waƙa. Don cike wannan gurbi Gabriel ya shiga ba da gajerun labarai na ban mamaki, cikin murya a kwance kamar mai karanta sanarwa, waɗanda a ƙarshe sukan zame su zama shimfiɗar waƙar da ke tafe. Labaran sukan sauya daga dare zuwa dare, a Faransa ma yakan ba da su da Faransanci. Babu ɗayansu a faifan sutudiyo. Wanda ya san "Supper's Ready" daga faifan Foxtrot na 1972 kaɗai ya san waƙa ce mai kimanin minti 23; wanda ya halarci wasa ya san ta tare da shimfiɗarta, kuma shimfiɗar takan karkata fahimtarsa ga baitocin.

Faifan dandamalin ma bai cece ta ba. Genesis Live na 1973 faifai ɗaya ne, don haka aka bar waƙar a waje saboda tsawonta, aka kuma buga wani labari na Gabriel a bayan kwalin, wato abin baka ya koma rubutu. Lokacin da waƙar ta samu shiga faifan dandamali, a Seconds Out na 1977 wanda aka ɗauki yawancinsa a Faris, Gabriel ya riga ya bar ƙungiyar tun 1975. Phil Collins ne ya rera ta, da lafazi mai taushi da daɗin ji, a inda mai ita kan sauya murya daga hali zuwa hali kamar ɗan wasan kwaikwayo. Kalmomin ba su sauya ba, kuma shekaru da dama wannan siga ce kaɗai ta dandamali da ake samu a kasuwa.