Alhaji Imam da Malam Zurƙe: Abota Ce ko Cuta?

Duk gidan da aka karanta Ruwan Bagaja an yi dariyar Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Marigayi Alhaji Abubakar Imam ya rubuta wannan littafi ne domin gasar da aka shirya a Zariya a 1933, kuma har yau yara na karanta shi a makarantu. To amma akwai tambayar da ya kamata iyaye su yi wa kansu idan dariya ta lafa: shin zaman da ke tsakanin Alhaji Imam, tauraron labarin, da Malam Zurƙe, irin zaman da za mu so wa 'ya'yanmu ne?

Mu tuna yadda suka fara. Zurƙe shi ne mai karatu, Alhaji kuwa malamin ƙarya ne, amma da aka gwada su a bainar jama'a sai Alhaji ya yi zane a ƙasa, Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, shi kuwa ya ce hoton jinjirin wata ne. Jahilai suka bi bayan mai wayo, aka kori mai ilimi a wulaƙance. Daga nan sai ramuwa ta biyo ramuwa, gari bayan gari, kowa na jefa ɗan'uwansa cikin duka da kunya, har daga ƙarshe suka yi sulhu suka zama aminai. Mai karatu yakan rufe littafi da jin cewa duk wasa ne, tun da an ƙare lafiya.

Domin auna wannan magana, bari mu dubi mutanen da suka san abokin tafiya na gaskiya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, garin ya ɗauki sunansa. Bayansu mahajjatan ƙasa suka yi ta zuwa, wasu su shekara da shekaru a hanya suna ƙwadago, da yawa kuma suka zauna a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. A irin wannan tafiya, abokin da zai haɗa ka da dogaran sarki don ya yi dariya ya gama da kai, domin ba ka da dangi a garin, ba ka jin harshensu, ba mai belinka. Abin da ya kawo kakannin mutanen Mai Wurno lafiya shi ne amana: a raba guzuri, a yi jinyar wanda ya faɗi, a riƙe marayan wanda ya rasu.

Ba muna cewa a daina barkwanci ba. Fulani da Hausawa da Barebarin da suka yi wannan hijira sun fito ne daga ƙasar da ta san wasan taubasai, da wasan Bafulatani da Babarbare, da na Bakano da Bazazzagi. A 2014 hukumar Unesco ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya. Sai dai wasan taubasai yana da ƙa'ida. Kowa na da ikon ramawa da baki, ba a taɓa lafiya ko dukiya ko mutuncin iyali, kuma ranar da masifa ta auku abokin wasa ne kan gaba wajen taimako. Abin da Alhaji da Zurƙe suka yi wa juna kafin sulhu ya tsallake waɗannan iyakoki duka. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tsorata Musulmi, alhali abin da ya jawo hanin wasa ne aka yi da wani sahabi yana barci.

Hatsarin yana ga yaron da ya saba jin cewa wanda ya cuce ka yau, ya ba ka tuwo gobe, masoyinka ne. A Sudan, kalmar Fallata sunan jama'a ne, amma sau da yawa ana jefa ta da nufin raini, ana nuna wa wanda kakansa ya haifu a ƙasar cewa baƙo ne. Idan abokin yaro ya kira shi haka a gaban mutane, sannan ya raka shi gida, rakiyar ba ta goge zagin ba. Haka abin yake a Maraɗi ko Kano ga yarinyar da ƙawarta ke tona asirinta, sa'an nan ta zo da kyauta.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce, kada a ɓoye littafin, a karanta shi tare da yara, a yi dariya, sannan a tambaye su: wa ya ji ciwo a nan? Da kai ne Zurƙe, za ka yi dariya? Idan ka ce wa abokinka ya bari, yana bari? Yaron da ya iya amsa waɗannan ya sami ma'aunin da zai auna abokansa na makaranta da na unguwa. A kuma nuna musu cewa amincin mutanen nan biyu bai fara ba sai ranar da suka ajiye cuta.

Allah ya haɗa 'ya'yanmu da abokai na gari, ya kuma kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, amin.